Gadar Alkantara: me ya riƙe ta shekara 1,900, ba siminti ba rodi?

Tambaya: Na ga hoton wata gadar dutse a ƙasar Sifaniya, sunanta Alkantara. An ce Rumawa ne suka gina ta kusan shekara dubu biyu da suka wuce, kuma har motoci suna bi ta kanta. Gaskiya ne? In gaskiya ne, wane irin haɗi suka yi wa simintinsu da ya gagare mu, tunda wasu gadojin kankare na zamani ba sa kai shekara 60 sai ka ji sun rufta?

Amsa: Malam, gaskiya aka faɗa maka. An kammala gadar a wajajen shekara ta 106 Miladiyya, ka ga ta haura shekara 1,900 ke nan, kuma ta ɗauki motoci, manya da ƙanana, har cikin wannan ƙarni namu. Sai dai kana neman sirrin a inda ba ya nan. Rumawa suna da nasu kankare, mai kyau kuwa, da shi suka zuba tulluwar Pantheon a birnin Rum. Amma bakunkunan Alkantara, wato lanƙwasassun gine-ginen dutse da ke ɗauke da titin, ba da shi aka yi su ba. Duwatsu ne aka sassaƙa, aka jera su fuska da fuska, babu kwaɓi a tsakaninsu. In ka gane yadda dutsen da ba a liƙa ba yake tsayawa a sama har ya ɗauki mota, ka sami rabin amsarka. Ɗaya rabin tarihi ne, kuma tarihin bai kai daɗin da masu yaɗa hoton suke nunawa ba, domin an karya gadar nan ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Mu fara da kogin, don ba a zana gada sai an san halin ruwan da za ta haye. Kogin Tagus ne, wanda Sifaniyawa suke kira Taho, mafi tsawo a yankin Iberiya, inda Sifaniya da Fotugal suke, yana tafiyar kusan kilomita 1,000 kafin ya faɗa Tekun Atlantika a Lisbon. A daidai garin Alkantara, cikin lardin Kaseres, 'yan kilomitoci kaɗan kafin iyakar Fotugal, kogin yana ratsa wani matsattsen kwazazzabo mai zurfi, gefe da gefe duk dutse. Kada ka rikita ta da wata gada mai wannan suna a birnin Toledo; kogin ɗaya ne, gadojin daban. Ruwan da ya matsu a kwazazzabo ba shi da inda zai bazu, in damina ta yi ƙarfi sama kawai yake hawa. Wannan shi ne dalilin da ya sa mai kallon hoto yake ganin kamar an yi almubazzaranci: ga ɗan ruwa can ƙasa, ga titi a sama da tazarar kusan mita 45, tsayin bene mai hawa 14 ko 15. Ba don ƙawa aka yi haka ba. Wanda ya zana ta ya auna kogin ne a ranar fushinsa. A watan Disamba na 1876 aka yi ɗaya daga cikin ambaliya mafi girma da aka taɓa rubutawa a kogin, ta zo ta wuce ta ƙarƙashinta.

An gina ta a zamanin Sarki Tirajan, wanda ya mulki Daular Rum daga 98 zuwa 117, kuma shi kansa haifaffen Iberiya ne, daga garin Italika kusa da Sebiliya ta yau. Gadar tana kan hanyar da ta haɗa Norba, wato Kaseres ta yanzu, da Konimbiriga a tsakiyar Fotugal. Abin da ya fi burge ni a tarihinta shi ne inda kuɗin ya fito: garuruwa fiye da goma na Lusitaniya, lardin Rumawa da gadar take ciki, su ne suka yi karo-karo, aka rubuta sunayensu a allon dutse aka manna a jikin ƙofar girmamawa da ke tsaye a tsakiyar gadar. Shekarar ginin ma daga wannan ƙofa aka gane ta, domin Rumawa kan jera laƙaban sarki da adadin lokutan da ya riƙe kowane muƙami, masana kuma su yi lissafi su fitar da shekara. Sunan maginin ya iso gare mu, abin da ba kasafai ake samu ba a gine-ginen Rumawa: Gayus Yuliyus Lacer. A bakin gadar ta gefen gari akwai wani ɗan ƙaramin ɗakin bauta, kuma rubutun da ke kansa, wanda aka sake kwafa a zamunan baya, yana cewa Lacer ya gina gada wadda za ta zauna muddin duniya tana nan. Dawwama dai ta Allah ce, amma ba za a ce mutumin ya yi cika-bakin banza ba.

A daidai waɗannan shekaru Tirajan ya sa wani mashahurin magini, Afolodoras mutumin Dimashƙa, ya yi masa gada a kan Kogin Danube don yaƙin Dasiya, yankin ƙasar Romaniya ta yau. Tsawonta ya haura mita 1,100, ta ninka Alkantara sau shida. Ginshiƙanta na dutse ne, samanta katako. Yau in ka je ba abin da za ka tarar sai kututturen ginshiƙai. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ita Alkantara tsawonta ya ɗan haura mita 180, faɗinta wajen mita 8. Baka shida gare ta a kan ginshiƙai biyar, kuma ba girmansu ɗaya ba: biyun tsakiya su ne manya, mafi faɗi mita 28.8, ɗayan mita 27.4, na kusa da su sun ɗan haura mita 20, na bakin gaɓa biyu ba su kai mita 14 ba. Dutsen giranit ne, an ɗauko shi daga wani wuri, domin dutsen kwazazzabon kansa irin mai ɓarewa falle-falle ne, ya isa a dasa harsashi a kansa amma bai dace da sassaƙa ba.

To, yanzu ga inda gizo ke saƙa. Dutse yana da hali ɗaya da duk magini ya sani: in ka danne shi, ko a jikinsa, in ka ja shi ko ka lanƙwasa shi, nan da nan ya tsage. Ɗauki dogon dutse ka gicciya shi a kan ginshiƙai biyu kamar azara, ka ɗora masa kaya. Samansa zai matsu, ƙasansa zai miƙe, kuma ta ƙasan nan zai buɗe ya karye. Shi ya sa masu gini da doguwar fallen dutse ba su taɓa iya haye tazara mai yawa ba. Baka dabara ce ta hana dutse jin ja gaba ɗaya. Kowane dutse a cikinsa an sassaƙa shi kamar weji, sama faɗi ƙasa tsukakke. Yana so ya faɗo, amma ba hali sai ya ture maƙwabtansa biyu, su ma suna son faɗowa suna ture shi. Nauyin da ya kamata ya kayar da su shi ne yake ƙara cusa su cikin juna, ya bi ta jikinsu yana gangarowa har ya sauka a kan ginshiƙi. Gwada da littattafai goma: jera su a tsaye, matse su da tafin hannu biyu, ka ɗaga. Ba gam a tsakaninsu, amma ba wanda zai zame muddin ba ka sassauta ba. A gada, ginshiƙai da duwatsun gaɓa su ne tafin hannun.

Mutane suna son labarin dutsen tsakiya, wai shi ne makullin da ke riƙe da kome. Shi ne dai na ƙarshe da ake sakawa, iyakar fifikonsa ke nan. Zare kowane ɗaya daga cikin jerin, sakamakon ɗaya ne. Haka ma maganar kwaɓi. Ko a gadojin da aka sa kwaɓin farar ƙasa, ba aikin gam yake yi ba. Shimfiɗa ce da ke cike ramukan fuskar dutse don nauyi ya bazu daidai, kada wani ɗan tsini ya ɗauki kayan shi kaɗai ya fashe. In ka iya goge fuskokin biyu har suka kwanta a kan juna sarai, ba ka bukatarsa. Masu sassaƙar Lacer sun iya, kuma nan ne kuɗin ya tafi.

Bari in ba ka lissafi kaɗan, don shi ne ke sa ɗalibai su buɗe baki. Giranit mai faɗi, tsawo da tsayi mita ɗaya-ɗaya yana da nauyin kusan tan 2.7. In ka ce za ka yi ta ɗora irinsa bisa irinsa har na ƙasa ya murƙushe, sai tsayin ya haura kilomita 3. Ginshiƙan Alkantara 'yan gomomin mita ne kawai. Ma'ana dutsen yana aiki ne da ɗan ƙanƙanin kaso na ƙarfinsa, kamar ƙato ne aka ba shi jakar makaranta. Sannan ka duba nauyin gadar kanta. In ka ƙiyasta dutse da cikon da ke kan baka ɗaya daga cikin manyan, dubban tan za ka samu. Babbar mota mai tan 40 ta hau, abin da ta ƙara bai taka kara ya karya ba. A siririyar gadar zamani nauyin motoci babban kaso ne na abin da take ɗauka, kullum tana lanƙwasa tana dawowa, ƙarfen cikinta yana gajiya. Ita wannan nauyinta ne garkuwarta. Shi ya sa gadar da aka yi wa keken shanu da sojan ƙasa ta ɗauki tirela ba tare da wanda ya zana ta ya taɓa mafarkin tirela ba.

Rumawa da gwaji da gado suka san wannan, ba da lissafin da muke yi ba. Sai a 1675 Robert Hooke na Ingila ya bayyana ƙa'idar: riƙe sarƙa ta bakin biyu ka bar ta ta rataya, siffar da ta ɗauka ka juya ta sama, ita ce hanyar da matsi yake so ya bi a cikin baka. Muddin wannan layi yana cikin kaurin duwatsun, bakan yana tsaye. A 1966 Jacques Heyman na Jami'ar Kambirij ya ɗora wannan a kan ingantaccen lissafi, kuma abin da ya fito daga ciki yana da amfani ga duk mai duba tsohuwar gada: tsaga a jikin baka ba lallai ne alamar mutuwa ba. In ginshiƙi ya ɗan motsa, bakan yakan buɗe gaɓa a wuri ɗaya, biyu, har uku, ya sake zama daram a sabon matsayi. Sai an sami gaɓa ta huɗu yake zama abin da zai naɗe ya zube. Na sha ganin an tayar da hankali a kan tsagar da ta shekara ɗari ba ta ƙaru ba, alhali ana wuce ginshiƙin da ruwa yake ci ta ƙasa ba wanda ya leƙa. Ginin da ba a ɗaure shi tamau ba yana da wurin numfashi.

Amma baka yana da haraji da yake karɓa. Ba ƙasa kaɗai yake danna ba, yana kuma tura ƙafafunsa waje, dare da rana, ba hutu. Rumawa sun fi son baka mai rabin da'ira, domin shi ne mafi sauƙin aunawa da igiya da turke, duwatsunsa duka kusan yanka ɗaya ne, kuma turinsa na gefe bai kai na baka mai kwanciya ba. Duk da haka sai suka yi ginshiƙan ƙatta, kaurin kowane wajen mita 9, kusan kashi ɗaya cikin uku na faɗin babban baka, ga kuma ƙarin dogarai da suka hau jikin gadar har zuwa titi. Injiniyan yau zai ce an yi ɓarnar dutse, kuma an toshe wa ruwa hanya. Ta wani gefen yana da gaskiya. Amma wannan kauri yana nufin kowane ginshiƙi zai iya tare turin baka ɗaya ko da babu na ɗaya gefen da zai mayar masa. Amfanin farko, ana iya gina bakunkunan ɗaya bayan ɗaya. Amfani na biyu sai bayan ƙarnoni ya bayyana: duk lokacin da sojoji suka fasa baka ɗaya, sauran biyar ba su bi shi ba.

Kwatanta da abin da Jean-Rodolphe Perronet ya yi a Faransa, a gadar Neuilly kan Kogin Seine, wadda aka cire wa katakon tallafi a 1772. Shi ya lura cewa bakunkuna maƙwabta suna kashe turin juna, sai ya sirantar da ginshiƙai sosai, ruwa ya sami hanya, gada ta yi kyan gani. Ilimi ne na gaske, amma sharaɗinsa shi ne kowa ya dogara da kowa: a rasa ɗaya, sauran suna cikin haɗari. Can ƙasar Sin kuma, a wajajen shekara ta 605, Li Chun ya gina gadar Zhaozhou da baka mai kwanciya, faɗinsa mita 37, ya huda ƙananan bakunkuna a kafaɗunsa don rage nauyi da bai wa ambaliya hanya. Ita ma tana nan. Ka ga ba hanya ɗaya ce ta kai dutse ga tsufa ba.

Yadda aka ɗora duwatsun kuwa, baka ba ya tsayawa da kansa sai an rufe shi. Kafin nan sai an yi masa gadon katako mai siffarsa, a jera duwatsu daga ƙafafu biyu a lokaci ɗaya don kada nauyi ya rinjayi gefe, a haɗe a tsakiya, sannan a sassauta katakon a hankali har dutse ya karɓi kansa. A gadojin Rumawa da yawa za ka ga duwatsu sun ɗan turo kai daga jikin ginshiƙi daidai inda baka ya fara. A kansu gadon katakon ya zauna, don ba mai kafa tsani daga ƙasan kogi zuwa wannan tsayi. Ɗaga dutse kuwa da injin katako ake yi, mai babbar ƙafa da mutane suke takawa a cikinta, igiya tana naɗuwa. Ni a ganina aikin kafinta a nan bai gaza na mai sassaƙa wuya ba, sai dai shi nasa ba ya barin shaida.

Daular Rum ta faɗi, gadar ta ci gaba da aikinta. Bayan shigar Musulmi Andalus a 711 ta sami sunan da take amsawa yau: alƙanɗara da Larabci gada ke nan, don haka mai cewa gadar Alkantara yana cewa gadar gada ne bai sani ba. Larabawa sun kira wurin Ƙanɗaratus Saif, gadar takobi, kuma masanin ƙasa Al-Idrisi, a ƙarni na 12, ya lissafa ta cikin abubuwan al'ajabi. Gari mai ganuwa ya tashi a gefenta, domin wanda ya riƙe gadar ya riƙe mashigar yankin. Wannan daraja ita ce ta zame mata masifa. A wajajen 1213 Sarki Alfonso na 9 na Leyon ya ƙwace garin, kuma a cikin yaƙe-yaƙen wannan lokaci aka karya ɗaya daga cikin ƙananan bakunkunan. Rundunar mayaƙan Kirista da aka damƙa wa tsaron wurin ta ɗauki sunan garin, ta shiga tarihi da suna na Larabci. Ba a mayar da bakan da dutse yadda ya kamata ba sai 1543, zamanin Sarki Carlos, wanda ya ƙara wa ƙofar tsakiya haƙora irin na ganuwa, ya kuma manna tambarinsa.

Daga nan abin ya zama kamar al'ada. A ƙarni na 18, cikin rikicin Sifaniya da Fotugal, aka lalata baka na biyu daga gefen da ke fuskantar Fotugal, aka gyara a zamanin Carlos na 3. A 1809, lokacin yaƙin Napoleon, sojojin Fotugal da ke ƙarƙashin hafsan Ingila suka dasa masa albarushi don tare Faransawa. Karon farko, a watan Mayu, bakan ya jijjiga ya ƙi faɗuwa. Sai a wata na gaba suka samu ya zube. Shekara uku bayan haka su Ingilishin da kansu suka bukaci hayewa, har wani hafsansu mai suna Sturgeon ya shimfiɗa gadar igiyoyi a kan giɓin a 1812. Daga baya aka yi ta katako, ita ma aka ƙone ta a yaƙin basasar Sifaniya a 1836. Sai a 1860, zamanin Sarauniya Isabel ta 2, injiniya Alejandro Millán ya kammala babban gyara: ya sake gina bakan da dutse, wannan karon da kwaɓi, ya maye duwatsun da suka lalace, ya sauke ƙofar tsakiya ya sake ɗora ta. A 1924 gwamnati ta sa gadar cikin kayan tarihi na ƙasa.

Za ka iya cewa ashe mutum ne kaɗai ya taɓa cin galabarta, kogi bai iya ba. Kusan haka ne, amma ba ɗari bisa ɗari ba. A 1969, da ake kammala babbar madatsar ruwa ƙasa da kilomita ɗaya a sama da gadar, an karkatar da kogin, gindin ginshiƙai ya fito fili. Sai aka tarar ruwa ya daɗe yana ƙwaƙule ƙarƙashin ɗaya daga cikin na tsakiya. Aka cike aka ƙarfafa. Wannan ƙwaƙula ita ce babbar mai kashe gadojin dutse a duk duniya: ruwa ya yi ta juyawa a gindin ginshiƙi yana kwashe abin da ke ƙarƙashinsa, sama lafiya lau, sai rana ɗaya ginshiƙi ya tsuguna. Dasa harsashi a kan dutse da yi wa ginshiƙai hanci mai tsini ta inda ruwa ke fitowa sun jinkirta abin ƙarni goma sha takwas, amma ba su hana shi ba. Da ba a leƙa ba, Allah kaɗai ya san yau da wane labari muke bayarwa.

Don haka, Malam, in wani ya ce maka gadar tana nan yadda Rumawa suka bar ta, ya ƙara gishiri. Tsarin nasu ne, ginshiƙan da manyan bakunkunan tsakiya nasu ne, amma akwai hannun ƙarni na 16, da na 18, da na 19, da na 20 a jikinta. Ni ban ɗauki wannan a matsayin ragi ba. Ginin da za a cire masa gaɓa a mayar da wata, da irin kayan da aka yi shi, bayan shekara 1,700, gini ne da aka yi shi da hankali.

Saura ɓangaren tambayarka na biyu, kankare. Kankare dutse ne na haɗi, halinsa ɗaya da dutse: yana son matsi, ba ya son ja. Sai muka sa masa rodi ya ɗauki jan. Wannan aure shi ya ba mu damar yin gada miƙaƙƙiya, siririya, mai arha, cikin watanni. Amma ƙarfe yana tsatsa. Sabon kankare yana da kaifi irin na kanwa da ke kare rodin. Da shekaru iska tana kashe wannan kaifi daga waje zuwa ciki, gishiri kuma, na teku ko wanda ake watsa wa titi don narkar da ƙanƙara, yana kutsawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a nan tsatsar da kanta take tsaga bangon, domin tana kumbura ta ninka girman ƙarfen da ta ci, ta ɓalle kankaren daga ciki, ruwa ya ƙara samun ƙofa. Gadar Morandi a birnin Genoa na Italiya an buɗe ta a 1967, ta rufta ranar 14 ga Agusta 2018, mutum 43 suka rasu, kuma tsatsar wayoyin ƙarfen da ke binne cikin kankare tana cikin manyan dalilan. Shekara 51 ke nan. Bakan Alkantara bai dogara da ƙarfe ba, saboda haka ba shi da wannan agogo da ke ƙirga masa kwana.

Duk da haka ba na son a yi wa injiniyan yau rashin adalci. Ka tuna gadar Danube da na ce ka riƙe. Rumawa sun gina gadoji masu ɗimbin yawa, akasarinsu na katako, wasu na dutse da ambaliya ta share. Waɗanda muke ɗauka hoto su ne zakarun da suka tsira, sai mu gwada su da mafi lalacewar namu. Sannan abin da ake nema a wurin gadar zamani daban ne. Baka na dutse mafi faɗi da aka yi, gadar Danhe a ƙasar Sin ta shekarar 2000, mita 146 ne. Gadar Canakkale ta Turkiyya da aka buɗe a 2022 ta haye mita 2,023 a tsalle ɗaya, jiragen ruwa suna wucewa ta ƙarƙashi. Dutse ba zai taɓa yin wannan ba. Ga tsadar masu sassaƙa, ga daɗewa, ga bukatar ƙasa mai ƙarfin da za ta ɗauki nauyin. A kan laka ko yashi mai zurfi irin wannan nauyi shi ne zai nutsar da ita. Inda nake ganin mun yi sake shi ne ƙananan gadoji na mita 10 zuwa 20 a wuraren da dutse yake a yalwace. A nan baka, ko na dutse ko na kankare marar rodi, yakan fi arha in aka yi lissafin shekara ɗari maimakon lissafin ranar buɗewa.

Abin da ke barazana ga irin Alkantara a yau ba nauyi ba ne kai tsaye. Ruwan sama ne da ke tsiyaya ta titi ya jiƙe cikon da ke bayan bango, ya tura bangon gefe waje. Saiwar tsiro ce da ke shiga gaɓa tana buɗa ta shekara bayan shekara. Mota ce da ke gogar katangar gefe, domin faɗin da ya wadaci keken shanu biyu ya yi wa manyan motoci biyu kaɗan. Akwai kuma gyaran ganganci: a ɗauko siminti mai tauri a cusa a gaɓoɓin tsohon dutse, ya hana ginin motsi, ya kulle danshi a ciki, bakin dutsen ya fara ɓarewa. Mai gyaran irin wannan gini da kwaɓin farar ƙasa yake aiki, wanda ya fi dutsen laushi, don in wani abu zai ci, kwaɓin ya ci a sake shi. A Merida, tsohuwar hedikwatar Lusitaniya, an hana motoci bin gadar Rumawa mai baka 60 tun 1991, bayan an gina wata a kusa. Alkantara ma hanyar da aka ɗauka ke nan: hukumomin yankin Estiremadura sun ba da aikin gina sabuwar gada tsakaninta da madatsar ruwan, domin motoci su koma can, ta Lacer kuma a bar wa masu tafiya da ƙafa.